Makomar harshen DSSSL da kayan aikinsa

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar takarda za mu yi bayani a kan wani harshe na na'ura mai ƙwaƙwalwa da ake kira DSSSL, ana furta shi "disal". Hukumar ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta amince da shi a shekara ta 1996 a ƙarƙashin lamba ISO/IEC 10179. An ƙirƙiro shi domin a riƙa faɗa wa na'ura yadda za ta shirya rubutu bisa shafi: girman harafi, faɗin gefe, lambar babi, da wurin da bayanin ƙasan shafi zai zauna. Yau da wuya a sami wanda zai fara sabon aiki da shi, amma an buga dubban shafuka ta hanyarsa, kuma manhajojin da ke karanta shi suna nan ana rarraba su.

Tambayoyinmu biyu ne. Ta farko, mece ce makomar wannan harshe da manhajojinsa? Ta biyu, me ya kamata wanda ya gaji kundi irin wannan ya yi? Batun ya shafi malamai da ɗalibai masu bincike, domin duk wanda ya rubuta kundi ko ƙamus ko tarin matani a na'ura ya dogara ne da kayan aikin da wata rana za su tsufa. Abin da muke son nunawa shi ne, DSSSL ya ja baya saboda ya rataya a kan manhaja kusan guda ɗaya da mutane ƙalilan, amma rubuce-rubucen da aka yi a zamaninsa sun tsira saboda tun farko an raba tsarin rubutu da kamanninsa.

1. Asalin harshen

1.1 SGML da raba tsari da kama

Ba a fahimtar DSSSL sai an fara da SGML. A shekara ta 1969 Charles Goldfarb da Edward Mosher da Raymond Lorie suka tsara wani salon sa wa rubutu alama a kamfanin IBM na Amurka, suka kira shi GML. Daga gare shi ne SGML ya fito, wanda ya zama ma'aunin ISO 8879 a shekara ta 1986.

Ra'ayin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. Marubuci yana sa wa kowane yanki na rubutunsa alamar da ke faɗar ko mene ne shi: wannan babi ne, wannan take ne, wannan misali ne, wannan fassararsa ce. Mai nazarin harshe zai iya rubuta <misali>Ya tafi kasuwa</misali>, ba tare da ya ce a karkata haruffan ko a ƙara musu kauri ba. Jerin alamomin da aka yarda da su, da yadda za su shiga cikin juna, ana rubuta shi a wata takarda dabam mai suna DTD. Ita ce nahawun kundin, kuma da ita manhaja ke tantance ko rubutun ya bi ƙa'ida.

Sai dai SGML bai ce kome ba game da yadda shafi zai fito. Kowane kamfanin da ke sayar da manhajar SGML yana da tasa hanyar bayyana kamannin shafi, wanda ya sauya manhaja kuwa sai ya sake wannan aiki daga farko. Wannan giɓi ne aka so DSSSL ya cike.

1.2 Yadda DSSSL ke aiki

Abin da ake rubutawa da DSSSL za mu kira shi takardar fasali, watau feuille de style da Faransanci. Ma'aunin ya ƙunshi manyan sassa biyu: harshen juyi, mai mayar da kundin SGML ɗaya zuwa wani mai tsari dabam, da harshen fasali, mai bayyana kamannin shafi. Akwai kuma harshen tambaya, SDQL, wanda da shi ake nemo yankunan rubutu.

Aikin yana bin matakai uku. Da farko manhaja tana karanta kundin ta mayar da shi kamar itace mai rassa: littafi shi ne gindi, babi reshe, sakin layi ƙaramin reshe. Sa'an nan takardar fasali tana bin rassan, tana gina wani itace na biyu wanda ya ƙunshi tubalan shafi, kamar sakin layi da jadawali da layin tsaye da hoto, kowane da siffofinsa. Tubali yana gadon siffofin wanda ke samansa, sai in an ce akasin haka. A mataki na uku ne ake karya layuka, a rarraba su bisa shafuka.

Ƙa'ida guda a takardar fasali tana farawa da kalmar element, sai sunan alamar da ake nufi, sai umurnin make paragraph tare da siffofi irin su font-size, daga ƙarshe process-children, wanda ke nufin a ci gaba da abin da ke cikin wannan reshe. Ana rufe kowane umurni a cikin baka biyu, domin an ɗauko nahawun harshen daga Scheme, wani reshe na Lisp da Gerald Sussman da Guy Steele suka ƙirƙiro a jami'ar MIT a shekara ta 1975. An zaɓi ɓangaren Scheme da ba ya barin a sauya darajar abu bayan an ba shi ita. Saboda haka ba a ƙidaya babi ta hanyar ƙara ɗaya a kan ma'ajiya. Ana tambayar itacen ne ko wannan babi na nawa ne a cikin ƴan'uwansa. Amfanin hakan shi ne, ana iya shirya kowane yanki ba tare da an jira wanda ya gabace shi ba.

2. Kayan aikin

2.1 Jade

Ma'auni takarda ce kawai har sai an sami manhajar da ke aiwatar da shi. A nan sunan James Clark, wani ɗan Ingila, ya fi na kowa fitowa. Shi ya rubuta groff, da manhajar tantance SGML mai suna SP, sa'an nan a shekara ta 1996 ya fitar da Jade, wadda ya rubuta da harshen C++ ya kuma bayar kyauta. Fitowarta ta ƙarshe daga hannunsa, 1.2.1, ta shekara ta 1998 ce.

Abubuwa biyu game da Jade suna da muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Na ɗaya, ba ta aiwatar da ma'aunin gaba ɗaya ba. Ta ɗauki harshen fasali, musamman sassansa masu sauƙi, ta bar harshen juyi. A madadinsa Clark ya ƙara wasu tubala nasa da ke ba da damar fitar da SGML ko HTML. Na biyu, Jade ba ta yin mataki na uku da kanta. Tana fitar da RTF domin Word ya shirya shafuka, ko MIF domin FrameMaker, ko TeX. Hanyar TeX tana bi ta JadeTeX, wanda Sebastian Rahtz ya rubuta, kuma sai an gudanar da shi sau da yawa, galibi sau uku, kafin lambobin shafi na jerin abubuwan ciki su daidaita. A kan manyan littattafai ma'ajiyar TeX takan cika, sai an faɗaɗa ta da hannu.

2.2 DocBook

Abin da ya yaɗa DSSSL shi ne DocBook, wani DTD na littattafan fasaha da kamfanonin HaL Computer Systems da O'Reilly suka fara a shekara ta 1991, wanda daga baya ya koma hannun ƙungiyar OASIS. Norman Walsh ya rubuta masa cikakkun takardun fasali da DSSSL, masu fitar da HTML da kuma shafin bugawa daga matani ɗaya. Ayyukan manhaja na kyauta da yawa sun ɗauke su, daga ciki akwai FreeBSD da PostgreSQL da Linux Documentation Project. Kowane aiki yakan ɗora tasa ƙaramar takardar fasali a kan ta Walsh domin ya sauya abin da yake so. Ke nan ga yawancin masu amfani, DSSSL yana nufin abu uku a haɗe: DocBook, takardun Walsh, da Jade.

2.3 OpenJade da OpenSP

Da hankalin Clark ya koma kan XML, wasu masu sa-kai suka karɓi aikin a shekara ta 1999 da sunan OpenJade, SP kuma ta zama OpenSP. Sun ƙara wasu sassan ma'aunin da Jade ba ta da su. Amma tsayayyar fitowa ta ƙarshe ta OpenJade ita ce 1.3.2; ta OpenSP, 1.5.2, ta shekara ta 2005 ce. Takardun DSSSL na DocBook kuwa sun tsaya a 1.79 a shekara ta 2004. Reshen 1.4 na OpenJade ya tsaya a matakin gwaji.

3. Abin da ya sa ya ja baya

Dalili na farko shi ne lokaci. An ɗauki shekaru ana tsara DSSSL, ya kuma fito daidai lokacin da intanet ke sauya bukatun mutane. A watan Disamba na wannan shekara ta 1996 ƙungiyar W3C ta amince da CSS1, wanda Håkon Wium Lie da Bert Bos suka tsara. CSS bai kai DSSSL ƙarfi ba, amma ana koyonsa cikin ƴan kwanaki, kuma masu manhajojin duba intanet sun karɓe shi. Jon Bosak ya yi ƙoƙarin fitar da wani sauƙaƙƙen DSSSL domin intanet, DSSSL-Online, amma manyan manhajojin ba su ɗauka ba.

Dalili na biyu shi ne XML, watau SGML da aka rage wa nauyi, wanda W3C ta amince da shi a watan Fabrairu na 1998. Bosak ne shugaban kwamitin, Clark kuma jagoran fasaharsa. Tun a shekara ta 1997 aka gabatar da shawarar harshen fasali domin XML, mai suna XSL, wanda ya ɗauki ra'ayoyin DSSSL ya rubuta su da alamomin XML. XSLT 1.0, harshen juyi, ya fito a watan Nuwamba na 1999, Clark ne editansa. XSL-FO, harshen tubalan shafi, ya biyo baya a watan Oktoba na 2001. Watau mutanen da suka fi sanin DSSSL su ne suka gina magajinsa.

Dalili na uku shi ne yawan manhajoji. Cikin ƴan shekaru XSLT ya sami XT ta Clark, da Saxon ta Michael Kay, da Xalan ta gidauniyar Apache, da xsltproc ta Daniel Veillard, ban da ta Microsoft. In manhajoji sun yi yawa, kowace tana zama ma'aunin gwajin ƴar'uwarta, in ɗaya ta tsaya kuma a koma wata. DSSSL bai taɓa samun wannan ba. A aikace, abin da Jade ta iya shi ne harshen, abin da ba ta iya ba kuwa ya zauna a takarda.

Dalili na huɗu shi ne koyo. Nahawun Scheme baƙo ne ga masu shirya littattafai, littattafan koyarwa kuma kaɗan ne ƙwarai. A kowane aiki akan sami mutum ɗaya ko biyu da suka fahimci takardar fasalin. In sun tafi, sai a bar ta yadda take don tsoron ɓata ta.

4. Halin da ake ciki da abin da ke gaba

Domin a yi maganar makoma daidai, ya kamata a rarrabe abubuwa huɗu.

Na farko, masu amfani. Manyansu sun ƙaura. FreeBSD ta mayar da takardunta daga SGML zuwa XML, sa'an nan a shekara ta 2021 ta bar DocBook ta koma AsciiDoc. PostgreSQL ta bar Jade da DSSSL da JadeTeX a fitowarta ta 10, a shekara ta 2017, ta koma XSLT. A fitowa ta 11, a 2018, ta mayar da matanin kansa XML. DocBook 5 kuma an gina shi a kan XML da RELAX NG, takardun fasalinsa na XSLT ne.

Na biyu, manhajoji. Tsare-tsaren Linux irin su Debian suna ci gaba da rarraba OpenJade da OpenSP, domin wasu tsofaffin manhajoji da su suke gina takardun bayaninsu. Kulawar da ake ba su ta faci ce: in sabon mafassarin C++ ya ƙi tsohon rubutu, ko Perl ya cire wani tsohon sashe da ake bukata wajen gini, sai wani ya gyara wurin. Ba a ƙara musu sabon iko. OpenSP za ta fi OpenJade daɗewa, saboda tana da amfani a wajen DSSSL: da ita aka gina manhajar W3C ta tantance HTML 4, kuma LibOFX ta dogara da ita wajen karanta bayanan banki na tsarin OFX, wanda tsohon salonsa SGML ne. Ranar da manhaja ta ƙarshe mai bukatar OpenJade ta ƙaura, dalilin yi mata faci ya ƙare.

Na uku, ra'ayoyi. Waɗannan suna raye. Kallon kundi a matsayin itace, ƙa'idar da ke dacewa da reshe ta ce a ci gaba da ƴaƴansa, harshen da ba ya sauya daraja, tubalan shafi masu gadon siffofi, duk suna cikin XSLT da XSL-FO. Wanda ya fahimci process-children ya riga ya fahimci apply-templates.

Na huɗu, magadan kansu. XSL-FO ya tsaya a 1.1 na shekara ta 2006, daftarin 2.0 na ƙarshe na 2012 ne, ba a kammala shi ba. Shirya shafin bugawa yana komawa ga CSS ta manhajoji irin su Prince da WeasyPrint. XSLT ya kai 3.0 a shekara ta 2017, amma manhajojin duba intanet ba su wuce 1.0 ba, a shekara ta 2025 ma masu Chrome suka bayyana niyyar cire shi. Ke nan wanda ya ƙaura daga DSSSL bai isa masauki na dindindin ba, zango ne ya ƙara.

5. Abin da mai gadon kundi zai yi

Darasin da ke cikin misalan sashe na 4 shi ne, ayyukan da suka ƙaura ba su sake rubuta littattafansu ba. Matanin ya bi su, takardar fasali ce aka sake. Haka ya faru a fagen nazarin harshe: jagororin TEI sun fito da SGML a bugun P3 na 1994, suka koma XML a P4 na 2002, P5 ya zo a 2007, tarin British National Corpus mai kalmomi miliyan 100 shi ma ya fara da SGML, ya sami bugun XML a 2007. Ga matakan da muke ba da shawara a bi.

(a) A tattara kome wuri ɗaya: matani, DTD, sanarwar SGML, fayilolin kataloji, jerin sunayen haruffa na musamman, hotuna, takardar fasali ta asali da wadda aka ɗora a kanta. Matani ba tare da DTD ɗinsa ba yana iya ƙin karantuwa, domin SGML ya yarda a tsallake wasu alamomi, DTD ce ke nuna inda suke.

(b) Tun kayan suna aiki, a fitar da PDF da HTML na ƙarshe a ajiye. Su ne shaidar yadda kundin ya kamata ya fito, da su za a gwada sabon tsari.

(c) A tantance matanin da onsgmls, sa'an nan a juya shi XML da osx. Duka biyun suna cikin OpenSP. A nan ne ake cike alamomin da aka tsallake, a buɗe gajerun alamomin rufewa, a sa darajoji cikin alamar zance, a daidaita manya da ƙananan haruffa a sunayen alamomi, domin XML ba ya yafe ko ɗaya daga cikinsu. A lura cewa juyi na kai tsaye yakan haɗe fayiloli ya kuma zubar da bayanan gefe na marubuci, don haka wasu sun fi son gyara matanin sannu a hankali har ya dace da SGML da XML a lokaci guda.

(d) A karanta takardar fasalin da aka ɗora, a rubuta da harshen mutane abin da kowace ƙa'ida ke yi. Wannan shi ne mataki mafi wuya, domin babu amintacciyar hanyar juya DSSSL zuwa XSLT kai tsaye, kuma a nan ne shawarwarin da ba a rubuta ko'ina ba suke ɓoye.

(e) In ba za a sake taɓa kundin ba, ya isa a adana tsohon tsarin gaba ɗaya a cikin na'ura ta kwaikwayo, tare da bayanin umurnin da ake bugawa. Amma ko da haka a yi mataki na (c), domin shi ne mai arha yau, mai tsada gobe.

6. Batun haruffa masu ƙugiya

Akwai wani wuri da wannan tarihi ya taɓa masu rubuta Hausa da Faransanci a shafi ɗaya. Jerin sunayen haruffa da suka zo tare da SGML, irin su ISOlat1 da ISOlat2, suna da é da è da ç, amma babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. Haka ma tsarin ISO 8859-1 da aka fi amfani da shi a lokacin. Duk wanda ya so rubuta Hausa sai ya ƙirƙiro nasa sunaye, ya kuma koya wa kowace hanyar fitarwa yadda za ta zana su, misali ta haruffan fc na Jörg Knappen a TeX. A manhajojin rubutu na yau da kullum dabarar da ta yaɗu ita ce a ɗauki zubin haruffa a sauya zanen wani harafi ya zama ƙ ko ɗ. In zubin ya ɓata, rubutun ya koma wasu alamomi dabam, domin an ajiye ma'anar harafin a cikin kamanninsa.

Unicode ya ba kowane ɗayansu lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4, manyansu kuma suna da nasu. Saboda haka duk wanda ke juya tsohon matani ya fara da mayar da waɗannan haruffa zuwa lambobinsu a tsarin UTF-8, ya kuma sa wa kowane yanki alamar harshensa, ha ko fr. Da wannan alama ce sabuwar takardar fasali za ta san inda za ta bi ƙa'idojin Faransanci na raba kalma a ƙarshen layi da inda ba za ta bi ba, da ita kuma za a iya fitar da bugu mai ƴ irin na Nijar ko mai 'y irin na Najeriya daga matani ɗaya.

7. Kammalawa

Mun ga cewa DSSSL ba shi da makoma a matsayin kayan sabon aiki. OpenJade za ta ci gaba da rayuwa da faci muddin akwai mai bukatarta, OpenSP za ta ɗan fi ta daɗewa, ra'ayoyin harshen kuma sun riga sun shige cikin XSLT da XSL-FO, waɗanda su ma sun fara tsufa. Hatimin ISO bai hana wannan ba. Abin da ya yanke hukunci shi ne yawan manhajojin da ke aiwatar da harshe da yawan mutanen da suka iya shi.

Ga ɗalibi ko malamin da zai fara ƙamus, ko tarin tatsuniyoyi, ko kundin kammala karatu, tambayoyi uku sun isa kafin ya zaɓi kayan aiki. Shin ana iya buɗe matanin a karanta ba tare da wannan manhaja ba? Shin akwai manhaja fiye da ɗaya da ke karanta tsarin? Shin an rubuta ƙa'idojin fasali a inda wanda zai gaji aikin zai same su ya fahimce su? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, gara a gyara tun aikin bai yi nisa ba.